Jiƙon Hajiya Katumi

Bismillahi. Sallama gare ku 'yan uwa masu karatu. Sunana Murja, a library nake aiki a nan Barking, gabashin London, na fi sabawa da jera littattafan wasu a kanta. Wannan ne karon farko da na rubuta nawa, sau uku ina gogewa, don haka in kun ga kuskure ku rufa mini asiri.

Bari in fara da laifina, in huta: sati uku na yi ina rubuta ƙarya a littafin asibitin Ummata.

Umma, sunanta Fulera, mai ƙunshi ce. Amaren Hausawa da yawa a garin nan sun zauna a falonmu ƙafa cikin leda, suna kukan lalle ya yi musu sanyi. Ita kanta ba ka taɓa ganin tafin ƙafarta fari ba, kullum jawur yake har ya yi duhu. Shi ya sa ba wanda ya kula da baƙin tabon da ke dunduniyarta ta hagu. Da ta gani ma cewa ta yi lalle ne ya kama da kyau. Sai da wurin ya fara jini, kaluluwa ta fito mata, sannan ta yarda muka je wajen GP, likitan unguwa.

Melanoma suka ce, ciwon dajin fata. Ni da karatuna na buɗe baki na ce ai wannan ciwon Turawa ne masu kwanciya a rana. Likita ya ce a'a, mu ma yana kama mu, kuma a tafin ƙafa ko ƙarƙashin farce ya fi son ɓuya. Lokacin ya riga ya taɓa huhu.

Ba zan sa ku kuka ba, don mun yi namu ya ishe mu. An yi mata aiki, an gwada maganin farko na ƙarin ruwa bai karɓe ta ba. Daga baya aka bincika naman da aka cire, aka ga ciwon nata yana da wata alama da akwai ƙwayar da ke bin ta ita kaɗai. Sai aka ɗauke ta a trial, wato gwajin sabon magani. Wata huɗu da farawa hoton scan ya nuna tabon huhun ya ragu kusan rabi. Ranar da Umma ta leƙo kicin ta ce, "Auta, wannan tukunyar wankewa kika yi ko shafa mata ruwa?" ranar na san sauƙi ya samu.

Amma trial da sharaɗinsa. Akwai wani littafi mai shuɗin bango da ake ba kowa. Duk abin da ya shiga bakinka da sunan magani sai ka rubuta, ko da paracetamol ne. Ni ke cike wa Umma.

To, ga inda Nuruddeen, mai neman aurena, ya shigo. Pharmacist ne, masanin magunguna, a Lewisham, dogo, mai gilashi, in yana jin kunya sai ya yi ta goge gilashin da gefen rigarsa. Manyansa za su zo gaisuwa bayan Sallah. Ya san komai game da ciwon, shi ke ɗauko mu daga asibiti ma. Sai dai Umma ta sa shi ya yi mata alkawari.

"Malam Nuru, in Hajiya ta tambaya, ka ce ciwon ƙafa ne."

"Umma, ai Mami ba za ta…"

"Ba a kai kuka gidan surukai tun ba a ɗaura ba. Gobe wani ya ce abin a jininmu yake. Ciwon ƙafa."

Ya goge gilashi ya ce to.

Mahaifiyarsa Hajiya Katumi irin matan nan ne da in sun so ka sai ka gaji. Gida gare su a St John's Wood, unguwar masu kuɗi, rabin shekara tana nan rabi tana Kano. Jin ciwon ƙafa ke da wuya ta ce sanyin ƙashi ne, ta san shi, shi ya kusa kwantar da yayarta. Kafin sati ya zagayo an taho mata da sassaƙe daga wajen wani mai magani a Bichi. Da hannunta take jiƙawa, ta tace, ta ɗura a goran ruwa, ta naɗe a leda, ta sa a ƙasan jakar kyauta ta ɗora dabino da turaren wuta a kai, ta ba Nuruddeen ya kawo.

Da a nan ta tsaya da sauƙi, sai mu zubar a sink mu yi godiya. Ina! Kullum ƙarfe huɗu sai waya ta yi ƙara, kiran bidiyo.

"Hajiya Fulera, ya ƙafar? An sha kuwa?"

"Yanzu nake shirin sha, Hajiya."

"To bismillah, ina kallo. Rabin kofi. Kada ki yatsine fuska, ɗacin shi ne maganin."

Umma ta ɗaga kofi ta shanye tana murmushi, hawaye na taruwa a idonta.

Na yi magana, wallahi na yi. Na ce Umma an fa ce komai sai an rubuta. Ta ce, "Uwar mijinki ta aiko abu tun daga Bichi, in ce ba na sha? Da wane bakin? Itace ne kawai, Auta. Rubuta babu."

Na rubuta babu. Kashegari ma haka, har sau ashirin da ɗaya, da rubutuna mai kyau da malamai ke yabo.

Satin da ya wuce aka ɗebi jini, aka ce hantarta ta nuna alamar wahala. Likita ya tsayar da ƙwayoyin na kwana bakwai. Ya ce in ba a gano dalili ba, dole su ɗauka sabon maganin ne ke cutar da ita, su cire ta daga trial ɗin. Maganin da ya mayar mini da uwata kicin. Na dubi Umma, ta dubi silin.

Ranar Alhamis ake taron marasa lafiyar trial, sau ɗaya a wata, ƙarfe biyu na rana. Umma ta ci ado kamar mai zuwa suna: atamfa ruwan ganye, mayafi ruwan madara, da silifas ɗin nan mai laushi da ta tsana. Na gan ta tana cusa goran a jakarta.

"Umma, har asibitin?"

"In ƙarfe huɗu ta same mu a hanya fa? Wuce mu tafi."

Muna cikin jirgin District line saƙon Nuruddeen ya shigo: *Zan tashi da wuri, ku jira ni a bakin gate. Kin ci abinci?* Na rubuta *eh*. Ya rubuta: *Biskit ba abinci ba ne.* Na yi dariya ni kaɗai, sai kuma na tuna littafin yana jakata.

Ɗakin taron ƙarami ne, kujeru a zagaye, ga shayi ga biskit. Mu tara ne har da Angelina, nas ɗin da ke kula da trial ɗin, 'yar gajeruwa mai fara'a, wadda ba ta mance sunan kowa. Turanci ake yi, amma bari in ba ku da Hausa.

Wani dattijon Bature da ya shekara arba'in yana aikin rufin gidaje shi ya fara. Ya ce zazzaɓin ƙwayar nan bai san kunya ba. A tsakiyar watan Yuli ya kama shi, ya lulluɓa da bargo biyu haƙora na kaɗawa, matarsa na fifita da jarida tana kallonsa. Ya kira layin asibiti, aka ce ya dakata kwana biyu, ya wuce. "Yanzu ko atishawa na yi sai ta cusa mini ma'aunin zafi a baki. Shekara talatin ba ta kula ni haka ba."

Wata tsohuwar malamar makaranta ta ce ita abin da ke ba ta wuya shi ne shan ƙwayar ba komai a ciki, a jira awa guda kafin a karya. Sai da ta koma ba maƙwabciyarta ajiyar gwangwanin biskit. Umma ta matso kunnena ta ce, "Awa guda suke wa kuka? Su zo su yi azumin bazara a London." Na fassara, ɗakin ya kwashe da dariya, Umma ta gyara mayafi tana jin daɗi.

Wani matashi kuma ya ce nasa scan ɗin bai yi kyau ba, za a canza masa hanya. Ya ce ya zo ne dai don ya saba da zuwa. Ba wanda ya yi masa wa'azi. Dattijon ya tura masa farantin biskit gabansa.

Sai Anti Rhoda. Ita kaɗai ce mai jin Hausa a cikinsu, 'yar Jos ce, ta daɗe tana aikin kula da tsofaffi. Nata a ƙarƙashin farcen babban yatsan ƙafa ya fito, aka cire yatsan. Ta ce wata tara ke nan tana kan maganin, fatarta ta yi ƙuraje ta warke, gaɓoɓi na ciwo da safe, amma ta koma choir, wato mawaƙan cocinsu. "Yatsa tara gare ni yanzu, takalmin Kirsimetin da ya matse ni shekara uku ya shiga lafiya lau."

Ita da Umma sun zama kamar zare da allura. Kusa da juna suke zama, suna gulmar shayin asibiti. Da aka yi hutun minti goma Umma ta buɗe jaka za ta ba ta dabino. Ashe murfin goran bai rufu da kyau ba. Wani wari ya taso, ɗaci-ɗaci, kamar an jiƙa tsohuwar ƙofa.

Anti Rhoda ta shaƙa sau ɗaya ta ajiye kofinta.

"Fulera. Mene ne wannan?"

"Ruwa ne."

"Ruwan wane rafi? Ni za ki yi wa? A ƙauye na girma fa." Ta juyo gare ni. "Ke ɗiyata, wannan yana cikin littafi?"

Na sunkuyar da kai. Umma ta yi saurin ba ta labarin Hajiya da kiran ƙarfe huɗu, tana yi tana rage murya. Anti Rhoda ta dafe ƙirji ta yi dariya har da hawaye, sannan ta tsaya cak.

"Ni ma na yi, wata na biyu. Wata sista a cocinmu na Old Kent Road ta dafa mini ganye, ta yi addu'a a kai, ina zan ƙi? Gwajin hantata ya fito ba kyau kamar naki. Kwana goma aka tsayar mini. Da ban buɗe baki ba da yanzu ina gida ina kallon bango. Kuma ba ke kaɗai ba ce, Fulera. In suka rubuta cewa maganin ne ke ɓata hanta, kin yi wa na bayanmu ƙarya."

"Rhoda, surukai ne."

"Surukan za su ba ki aron hanta?"

Umma ta zuge jaka ta ce zancen ya ƙare.

Da aka tashi Angelina ta bi kowa tana karɓar littafi. Ta zo kaina ta buɗe, ta bi layin da yatsa, ta ce, "Murja, da kowa na cikewa kamar ke da na huta. Ba wani abu dai da take sha, ko? Ko shayin ganye?"

'Yan uwa, ni ce yarinyar da in an kawo mini abincin da ban yi oda ba a restaurant sai in ci in yi godiya. Ban taɓa musa wa Umma a gaban mutane ba. Umma ta kafe ni da idon nan da ya rene ni. Anti Rhoda ta tsaya a bakin ƙofa tana gyaran gyale da gangan.

Na ce, "Akwai."

Da ƙyar ni kaina na ji. Angelina ta ce, "Me kika ce?"

"Akwai. Sati uku. Ni na rubuta babu. Yana cikin jakarta."

"Auta!" in ji Umma.

Sai kuka ya ƙwace mini, irin mai majina, a gaban dattijon rufin gidaje. Angelina ba ta yi faɗa ba. Ta miƙa hannu, Umma ta daɗe kafin ta fito da goran. Ta buɗe ta shinshina, ta ja kai baya ta ce, "Kin sha wannan sati uku? Ke jaruma ce." Ta tafi da shi wajen likita.

Minti ashirin muka yi a zaune, Umma ba ta ko kalle ni ba. Da Angelina ta dawo ta durƙusa a gabanta ta ce likita ya ji daɗi da aka faɗa, don yanzu akwai abin da ake zargi ban da ƙwayar. Ba za a cire ta ba. Amma ko ɗigo kada ta ƙara, Alhamis mai zuwa a sake ɗibar jini, in hantar ta daidaita ta ci gaba da maganinta. Goran kuma sun riƙe za su duba abin da ke ciki.

Na zaci Umma za ta yi hamdala. Sai ta dafe kai ta ce, "Sun riƙe goran? Ƙarfe nawa?"

Huɗu saura kwata.

"Ki dafa baƙin shayi ki ɗura a wani goran," in ji Anti Rhoda. "Ki yatsine fuska ki sha. Ni haka na yi wa sistar har ta koma Abuja." Ta rungume ni ta raɗa mini, "Za ta huce. Uwa ce." Ta wuce tashar bas.

Nuruddeen na bakin gate cikin shuɗiyar riga, ya fito ya buɗe wa Umma ƙofar baya. Yana ganin idona ya ce, "Lafiya? Sakamakon ne?" Tunda bakina ya riga ya buɗe yau, sai na zazzage masa komai kafin mu kai danja ta farko. Ya samu wuri ya faka.

"Tsaya. Jakar da nake kawowa duk Asabar?"

"Ita."

"Na ɗauka humra ce! Mami ta ce kayan mata ne kada in buɗe." Ya cire gilashi ya fara gogewa. "Shekara biyar ina karatun magani. Kullum ina yi wa mutane gargaɗi a kan haɗa ganye da ƙwaya. Ashe ni ne ɗan aike."

Dariya ta so kuɓuce mini, na danne. Na hango Umma a madubi, ita ma leɓenta na rawa.

"Ba laifinka ba ne, Malam Nuru," in ji ta. "Ka tsaya a shago a sayo ganyen shayi. In ta kira yanzu mu ƙi ɗauka, in mun isa gida in kira ta."

Ya juyo gaba ɗaya a kujerarsa. "Umma, ki yi haƙuri, shayi ba zai yi ba. Jiya na ji Mami a waya, ta sa a kawo na shafawa. Ta ce ranar Lahadi da kanta za ta kira ki gidanta ta shafa miki a ƙafar, ta ɗura miki sabon jiƙo a gabanta. Ki sake ni daga alkawarin nan, ni zan faɗa mata."

"In ta ce an fasa auren fa?" in ji Umma.

Abin da ke raina ke nan tun sati uku, ban taɓa furtawa ba. Nuruddeen bai dube ni ba, Umma ya duba.

"To sai ta nemo wanda zai fasa, don ni ban fasa ba."

Na ja mayafi na rufe fuska. Kada ku tambaye ni me zuciyata ta yi.

Sai wayar Umma ta fara ƙara a cikin jaka. Nuruddeen ya miƙa hannu. Umma ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe a kaina.

"Ba kai za ka faɗa ba. Yarinyar nan ta yi nata yau." Ta gyara ɗaurin ɗankwali ta danna.

"Hajiya Fulera! A mota kuke? Ina goran?"

"Hajiya, goran yana wajen likita." Umma ta gyara zama. "Na ɓoye miki magana, ki yafe ni. Ba sanyin ƙashi ba ne. Ciwon daji ne, ya taɓa huhu. Ina kan wani magani na gwaji, yana yi mini aiki, alhamdulillahi. Jiƙon nan sun ce ba ya tafiya da shi, saura kaɗan a cire ni. Ba zan ƙara sha ba."

Tunda aka gano ciwon ban taɓa jin ta kira sunansa da bakinta ba sai ranar.

Hoton ya tsaya cak har na zaci network ne. Sai muka ji Hajiya ta ja numfashi.

"Innalillahi. Fulera! Kika zauna ina ɗura miki sassaƙe sati uku, kina yi mini murmushi? Ni dodo ce? Wane ne ke tuƙin nan? Nuru, kai ne? Da kai aka haɗa baki?"

"Mami, wallahi ni humra na…"

"Rufe mini baki, zan zo kanka." Ta goge ido da gefen mayafi. "Ku wuce gida, kada kowa ya fita. Ga ni nan zuwa Barking ɗin yanzu. Maganar yaran nan kuma ba ta waya ba ce, sai na zauna."

Ta kashe.

Hajiya Katumi ba ta taɓa taka gidanmu ba. Na juya ina neman fuskar Umma in ga ko tsoro ne a ciki. Sai na ga ta zaro ido ta dafa kujerar gaba.

"Malam Nuru, taka motar nan kada ta riga mu. Auta, shanyar kayan ciki tana kan hita a falo!"